Guɗar Hajiya a Walimar Sinawa

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur surukata ta zo daga Katsina a duba mata gwiwa. Muna zaune a Danau Kota a lokacin, hawa na goma sha huɗu, ɗaki biyu da falo. Ni ina digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak, maigidana kuma yana nasa a wata jami'ar daban. Hajiya ta daɗe tana shugabancin makarantar kwana ta 'yan mata kafin ta yi ritaya, kuma ritayar ba ta kai ga idonta ba. In ta leƙo ka ta saman tabarau, sai ka tsinci kanka kana duba rigarka ko akwai inda ta yamutse.

Ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Ni ce dai nake jin nauyinta. Tunda aka kai ni gidansu ban taɓa cin abinci a gabanta ba. A Katsina wannan ba wani aiki ba ne, gida ne babba, kowa da sashensa. A Danau Kota kuwa rabin bango ne ya raba falo da kicin. Sai in kai mata nata, in durƙusa in ajiye, in koma bayan firij in ci nawa a tsaye, ina tauna a hankali. Gyaɗa ma na daina saye, da duk wani abin da ke ƙara a baki.

A ɗakin bincikenmu ina da ƙawa Basiniya, haifaffiyar garin Ipoh na nan ƙasar, gajeriya mai faɗin fuska, wadda in ta yi dariya sai an jiyo ta daga ƙasan bene. Na taya ta gyara wani babi da malaminta ya dawo mata da shi har sau uku. Da babin ya wuce, sai ga ta da katin gayyata biyu masu ruwan ja da zinare. Ta ce 'yar ƙanwar mahaifiyarta tana rawa a wani gidan abinci da ake shirya walima irin ta fadar sarakunan Sin na da: a sa wa mutum tufafin zamanin, a zaunar da shi, a yi ta kawo abinci kala-kala, makaɗa da masu rawa suna yi a gabansa.

Na yi mata tambayar da kowane Musulmi ke fara yi a garin nan. Ta ce masu girkin Musulmi ne daga can arewacin Sin, takardar halal tana manne a ƙofa, babu alade, babu giya.

"Boleh lah," in ji ta, wato babu matsala. "Ke da mijinki. Asabar, zaman rana."

Asabar ɗin kuma ita ce ranar da maigidana zai gabatar da takarda a wani taro a Penang. Washegarin da na kawo katin, da safe yana shan shayi, ya ce in mayar mata da kati ɗaya tun da wuri ko ta samu wanda za ta ba. Hajiya tana kan kujera da carbi, ƙafarta a miƙe kan matashi.

"A mayar saboda me?" ta ce. "Ni ba mutum ba ce?"

Ya ajiye kofin. "Hajiya, kiɗa ne fa da rawa."

"Na ji. Ai ba kunnena ne ke ciwo ba."

Ya kalle ni, na kalli ƙasa. Haka maganar ta ƙare.

Ranar Asabar tun ƙarfe goma ta shirya, atamfa mai duhu, babban hijabi ruwan toka, sandarta ta asibiti a hannu. Muka ɗauki tasi. Wurin yana hawan ƙarshe na wani katafaren rukunin shaguna, sai da muka wuce masu sayar da waya da takalma, muka hau lif, ƙofa ta buɗe, sai ga mu gaban jar ƙofa mai manyan ƙusoshin tagulla, fitilun takarda suna reto a sama. Ƙawata tana jiranmu, tuni ta sha ado da wata doguwar riga koriya, gashinta an naɗe shi sama an soke da tsinkaye masu lilo.

Ta rusuna wa Hajiya ta ce, "Anti, sannu da zuwa." Daren jiya ta sa na koya mata ta waya. Hajiya ta amsa mata da Turancinta na makaranta, mai goge, kowace kalma a tsaye, ta ce ta yi ƙoƙari amma a ja wasalin ƙarshe.

Aka shigar da mu ɗakin kaya. Riguna ne jere a rataye, sun fi ɗari, ja da shuɗi da ruwan ƙwai da wani launi kamar cikin gwanda. Na riga na shirya abin da zan ce: Hajiya za ta zauna da kayanta, ni ma haka. Kafin in buɗe baki na ga ta kama hannun wata riga tana murza yadin tsakanin yatsu.

"Wannan ba siliki ba ne," ta ce. "Amma ɗinkin ba laifi. Ki ce su sauko mini da waccan ta sama."

Waccan ta sama ita ce mafi nauyi a ɗakin, baƙa da ja, an yi mata aikin zare mai ruwan zinare na wasu tsuntsaye masu dogon bindi. Matar da ke kula da kayan ta ce ta uwar sarki ce. Ƙawata ta fassara. Hajiya ta gyaɗa kai kamar dama abin da take jira ke nan.

Mata biyu suka ɗora mata rigar a kan hijabinta, suka ɗaure mata faffaɗar ɗamara. Hannun rigar ya sauko har gwiwa. Sannan suka kawo wani kambi mai 'yan sarƙoƙi da duwatsu, suka tsaya suna shawarar yadda zai zauna a kan hijabi. Hajiya ta ciro allurai biyu daga jakarta ta miƙa musu. Kambin ya zauna daram. Mai kwalliya ta matso da ɗan buroshi, ta nuna goshin Hajiya, ta nuna nata inda aka zana jan fure. Na ce a raina nan dai za a tsaya. Hajiya ta cire tabarau ta rufe ido.

A nan dariyar ta fara taso mini. Na juya baya na yi kamar ina neman tawa rigar. Na cusa fuskata cikin wata mai ruwan hoda, kafaɗuna suna rawa. Ƙawata ta zo ta tsaya kusa da ni, ta leƙa fuskata, ita ma ta kama. Muna nan maƙale da riguna kamar masu kuka, sai na ji muryar Hajiya a bayana.

"'Yar nan, ki zaɓa mana, mutane na jira. Ɗauki shuɗiyar, ta fi karɓarki."

Zauren walimar dogo ne, dandamali a tsakiya, tebura 'yan gajeru a jere dama da hagu, kowa na zaune a kan matashi a ƙasa. Da ma'aikatan suka ga sandar Hajiya sai suka ruga suka kawo kujera mai hannu, suka ɗora ta kan wani ɗan tudu a can gaba, suka haɗa mata da tebur mai tsayi. Ni da ƙawata aka sa mu gefenta. Abin da ya faru ke nan: duk zauren mutum biyu ne kawai a sama, ɗan wasan da ya fito a sarki a wancan ƙarshen, da surukata a wannan. Sinawan da ke shigowa da 'ya'yansu suka riƙa tsayawa suna ɗaukarta hoto. Wasu har da rusunawa. Ita kuma tana ɗaga musu hannu kaɗan, hannun rigar yana lilo.

Aka buga wani faifan tagulla mai faɗin faranti uku, ƙararsa ta daɗe tana yawo a cikin kai. 'Yan mata suka shigo a layi, kowacce da tire a daidai goshi, suna tafiya kamar a kan taya. Suka durƙusa gaba ɗaya suka zuba shayi. A cikin kofin wani busasshen fure ya buɗe a hankali.

Abinci ya fara zuwa, kowanne ɗan mitsitsi a kwanonsa. Na farko wani farin abu ne mai laushi, an yanka shi siriri-siriri har ya zama kamar fure a cikin romo. Mai gabatarwa ya yi dogon bayani da Sinanci da Turanci a kan yadda mai girki ke shekaru yana koyon yankan. Hajiya ta ɗiba da cokali, ta tauna.

"Awara ce," ta ce. "Awara ce aka yi wa naɗin sarauta."

Na danne bakina da hannun riga. Na fassara wa ƙawata, ta buga tebur.

Sai aka kawo ƙwai baƙi, mai sheƙi kamar kwalba. Hajiya ta dube shi ta saman tabarau irin kallon da take yi wa ɗalibar da ta makara, ta tura shi gefe. Aka kawo agwagwa mai ƙamas-ƙamas da ake naɗewa cikin 'yar waina siririya. Wannan kam ta cinye ta nemi sanin ko ana ƙari.

Duk wannan ni ban taɓa komai ba. Kwanuka huɗu sun taru a gabana. Ina juya kofin shayi, ina yi kamar kallon dandamali ya ɗauke mini hankali, cikina kuwa yana kiran agwagwar nan.

"Makan lah," in ji ƙawata. Ta zungure ni. "Ci mana. Ba kya so ne?"

Na raɗa mata cewa a wurinmu mace ba ta cin abinci a gaban uwar mijinta. Na ɗauka za ta gyaɗa kai ta yi shiru. Sai kawai ta miƙa wuya ta kan kafaɗata ta ce da Turanci, da ƙarfi, "Anti, wai gaskiya ne ba za ta ci ba saboda ke?"

Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige har da rigar mutane.

Hajiya ta goge bakinta a natse. Ta amsa da Hausa, ni take kallo. "Sati shida ina jin cokalinki a bayan firij. Na ce bari in ga iya gudun ruwanki." Ta tura mini kwanon agwagwa. "Yau dai ni uwar sarki ce. Umarni na ba ki."

Na ɗauki tsinkayen cin abinci, don na rasa inda cokali yake. Shekara biyu ina garin nan, na iya su daidai gwargwado. Amma abin da na fara kai wa hannu wani ɗan ƙwallon kifi ne mai santsi. Na kama shi, na ɗaga, ya kusa bakina, sai ya kufce. Ya daki gefen kwano, ya yi tsalle, ya shige cikin faffaɗan hannun rigar Hajiya.

Hajiya ta ɗaga hannun, ta leƙa ciki. Ta girgiza. Bai fito ba. Ta sake girgizawa, sarƙoƙin kambinta suna kaɗawa, sai ga shi ya gangaro ya faɗa cikin shayinta.

Ban taɓa jin dariyar surukata ba sai ranar. Ashe siririya ce, can sama, kamar ta yarinya. Ta kama hannun kujera, hawaye suna bin kumatunta, tana cewa, "Wayyo cikina, ku bari." Ni kuwa na kifa kai a tebur. Ƙawata ba a magana, sai da mutanen teburin baya suka fara dariya ba tare da sun san dalili ba. Daga nan na ci. Na cinye nawa, na cinye baƙin ƙwan da Hajiya ta ƙi, ta ce lallai ina da ƙarfin hali.

Fitilu suka ragu. Wata mata ta zauna gaban wani dogon abin kiɗa na katako mai tsirkiya da yawa, ta ja yatsunta a kai, sautin ya zubo kamar ruwa daga indararo. Sai wani dattijo ya ɗora ɗan abin kiɗa a cinya, tsirkiya biyu kacal, ya goga masa izga. Hajiya ta daina tauna.

"Goge," ta ce a hankali. "Wallahi goge ne. Ji yadda yake kuka."

Masu rawa suka fito su takwas, fararen hannuwan rigunansu sun fi tsawon mutum. Suna wurga su sama, yadin ya tsaya a iska kamar ya manta da saukowa, sannan su fizgo shi ya dawo ya naɗe a wuyan hannu. Ƙawata ta nuna mana ta uku daga hagu, 'yar'uwarta. Mai gabatarwa ya ce labari ne na wani jarumi da ya tafi yaƙi bakin iyaka, aka daɗe ba labarinsa. Hajiya ba ta jira fassara ba. Ita ta riƙa faɗa mini abin da ke faruwa.

"Waccan matarsa ce. Kin ga ta ƙi cin abinci. Wancan mai gemun munafuki ne, dubi tafiyarsa. Zai ce ya mutu."

Haka kuwa aka yi, mai gemu ya zo ya faɗi gaban sarki yana nuna yamma. Matar ta yi rawa ita kaɗai, goge yana binta, zauren ya yi shiru har kana jin ƙarar na'urar sanyi. Aka ajiye mana miya a 'yar tukunyar ƙasa, babu wanda ya buɗe.

Sai ganguna. Manya guda uku, ja, kowacce ta kai tsayin ƙirji, samari suna dukansu da dukan jikinsu. Tutoci suka shigo ta ƙofar baya, ta tsakiyar masu cin abinci, ga jarumin nan a gaba da dogayen gashin tsuntsu biyu a hularsa. Matar ta juyo ta gan shi. Na ji kujerar Hajiya ta motsa. Na waiga, na ga ta kama hancinta da yatsu biyu, ta ɗaga kai.

Ta rangaɗa guɗa.

Doguwa, mai kaifi, irin wadda ake yi in amarya ta sauka daga mota. Ta ratsa gangunan ta fita ta sama. Ɗaya daga cikin makaɗan ya rasa bugu. Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Jarumin da kansa, yana riƙe da hannun matarsa, ya saci kallo. Ban sani ba ko mun yi abin da za a fitar da mu.

Wani tsoho a tebur na gaba ne ya fara tafi, sai zauren ya ɗauka. Mai gabatarwa ya taho da makirufo, ya rusuna har ƙasa, ya tambayi uwar sarki daga wace ƙasa ta zo, kuma mene ne wannan. Hajiya ta karɓi makirufon kamar tana taron safe a makaranta. Ta ce daga Najeriya, kuma a garinsu in wanda aka fid da rai da shi ya dawo, mata ba sa yin shiru. Ya roƙe ta ta sake. Ta ce sai an buga mata ganga. Babban makaɗin ya buga, ta amsa. Ya ƙara sauri, ta ja ta fi ta farko tsawo. Wasu 'yan mata Sinawa a gefe suka kama hancinsu suna gwadawa, abin yana fita kamar kukan 'yan tsaki, ƙawata ce kan gaba.

A ƙarshen wasan akan gayyaci baƙi su hau dandamali a koya musu wurga hannun riga. 'Yar'uwar ƙawata ta zo ta durƙusa gaban Hajiya da fararen hannuwa biyu. Na ce, "Hajiya, gwiwarku."

"Riƙe mini sandar," ta ce. "Ki biyo ni, in na tafi ki tare."

Ba ta ɗaga ƙafa sosai ba. Ta tsaya wuri ɗaya, kafaɗa ke aiki da ƙugu kaɗan-kaɗan, tana wurga yadin daidai kan bugun ganga, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ni a bayanta, sanda a hannu ɗaya, na wurga nawa ya naɗe mini a fuska. Ina ƙoƙarin kwancewa ina jin ta tana ce mini, "Daga kafaɗa, 'yar nan, ba daga gwiwar hannu ba."

Da muka koma mazauni tana haki, aka kawo abin zaƙi, wani burodi mai siffar 'ya'yan itace da ƙwallayen riɗi masu ɗumi. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta inda ta iya.

Ta ce kafin a kai ta kwalejin horon malamai ita ce mai ba da waƙa a dandalin unguwarsu. In ba ta fito ba, ba a fara gaɗa. Ranar da aka ba ta aji na farko ta ga 'yan matan sun kusa kai ta tsawo, sai ta ɗaure fuska don su ji tsoronta, ta ga abin ya yi aiki, ta ci gaba. "Sai fuskar ta zauna a haka," ta ce, tana ɓare ƙwallon riɗi. "Mutumin naki ma bai sani ba. Kada ki tura masa hoto, ki bari ya dawo in ga idonsa."

Ta sa aka ƙulle mana sauran riɗin mu tafi da shi. Mayar da rigar ya ɗauki lokaci, don ma'aikatan ɗakin kaya kowacce sai da ta yi hoto da ita. Ta karɓi allurarta biyu ta ƙirga ta mayar jaka.

Uku ta wuce, ba mu yi azahar ba. Ƙawata ta raka mu har ƙofar ɗan masallacin mata da ke hawa na biyu, ta rungume Hajiya, ta kama hanci ta yi wata 'yar guɗa ta ban kwana, mai gadi ya waigo. A wurin alwala Hajiya ta tsaya gaban madubi, ta daɗe tana kallon jan furen da ke goshinta, ta juya fuska dama, ta juya hagu, sannan ta sa ruwa ta wanke. Jan launin ya bazu, goshin ya koma ja gaba ɗaya. Na ba ta tishu. Idonmu ya haɗu a madubi, muka sake fashewa, muna toshe baki saboda matan Malay biyu da ke sallah a ciki.

Da ƙyar muka natsu. Na jawo mata kujerar roba, na shimfiɗa tawa sallayar kusa da ita. Ta ɗaga hannu za ta yi kabbara, sai na ga kafaɗarta ta fara rawa. Ta sauke hannun.

"Tashi ki koma can ƙarshe," ta ce, ba ta kalle ni ba. "In kina nan ba za mu yi sallar nan ba."

Na naɗe sallayata na koma jikin bango, ita tana wannan kusurwa ni ina waccan, muka tayar.